Kawuna da Shamuwar Rimin Kusfa

Jiya da hantsi tantabarun maƙwabcina suka tashi gaba ɗaya daga kan kwano, ƙarar fukafukansu ta sa na ajiye abin da ke hannuna. Kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Ƙanen mahaifiyata ne, mai ɗaukar hoto a cikin birnin Zazzau. Da hoton biki da na suna yake ci, amma hankalinsa yana kan tsuntsaye. A bayan gidanmu a Kusfa akwai kududdufi, da wani tsohon rimi a bakinsa. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai shamuwa su sauka a kansa su yi sheƙa. Mutanen unguwa su yi ta murna damina ta kusa, Kawu kuwa ya rataya kyamararsa, ya ja hannuna.

Ba a zaune yake son su ba, tashinsu yake jira. Mukan tsuguna a bakin ruwa, ga warin laka ga cizon sauro, ba mai motsi. Shi ya nuna mini cewa tsuntsu ba ya tashi haka kawai. Sai ya fuskanci iska, ya ɗan rusuna, sannan ya saki reshe. A daidai wannan rusunawar yake dannawa. Kakata takan yi masa faɗa, wai yana ƙarar da fim a kan abin da ba zai ce masa an gode ba. Murmushi kawai yake yi.

Ina ƙarshen firamare idanunsa suka fara dushewa. Aka kai shi asibiti, aka ce jijiyar ce ta taɓu, sai haƙuri. A shekarar kuma aka sayar da filin, aka sare rimin, aka shiga cike kududdufin. Yana zaune a zaure ya ji faɗuwar itacen.

Da bazara ta zagayo ya ce in raka shi wurin. Shamuwa sun zo, suna ta shawagi a saman inda rimin yake a da. Ya ɗaga fuskarsa sama.

"Sun sauka?"

"A'a, Kawu. Kewayawa kawai suke yi."

Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kafaɗata. Can ya ce, "Mai da ni gida."

Bai kai wata daminar ba, Allah ya yi masa rasuwa. Hotunan kuwa, ɗakin ƙasar da aka adana su ya yi yoyo, suka manne da juna, ko ɗaya ba mu tsira da shi ba.

Yau shaguna ne a wurin. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni yadda shamuwa take. Na ɗauko waya na nemo mata hoto, wanda wani ya ɗauka a wata ƙasa da ban sani ba. Ta ce kyakkyawa ce, ta koma wasanta. Na buɗe baki in ce mata a bayan gidanmu suke kwana a da, sai kawai na mayar da wayar aljihu.