Zainabu ta sha ƙwayar ƙiba don ankon biki

"Ke kuma wa ya mare ki?"

Da wannan tambayar Inna, kakarmu, ta tari ƙanwata Zainabu jiya muna shiga gidanta a Jahun. Ko gaisawa ba ta bari mun yi ba.

Zainabu dai siririya ce tun tana yarinya. Bikin ƙawarta ya matso, an ɗinko anko, ta rantse sai ta cika rigar nan. Wata maƙwabciyarmu a Yalwawa ta haɗa ta da ƙwayar ƙiba, wadda ake ce wa sha-ka-fashe. Ni ban ankara ba sai da na ga fuska ta zama faifai, ga ƙuraje, ga ci ba ƙoshi, ƙafafu kuwa suna nan kamar sillen kara.

Ta turo baki ta ce, "Inna, ƙiba fa na yi."

Inna ta danna mata kumatu da yatsa ta ce, "Ƙiba a fuska kaɗai? Da kiwo na tsufa, yarinya. Akuyar da ta ƙoshi daban, wadda ta kumbura daban."

Na yi dariya har da hawaye. Yau da muka kai Zainabu asibiti dariyar ta tsaya. Jininta ya hau, suga ma haka. Likita ya ce kada ta kuskura ta yanke ƙwayar lokaci guda, a hankali zai janye mata.

Rigar ankon kuwa har yanzu yawa take yi mata.

Mata, don Allah ku gaya min, wa ya ce mana siranta ciwo ce?