Kujerar Wanda Ba Ya Nan

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, ita ta riga ta iso, jakarta a hammata. Ajinta shi ne na ƙarshen baranda, mai ƙofar ƙarfe da kabad cike da tsofaffin littattafai waɗanda bangonsu ya sha ɗinki. Kafin ta goge allo, kafin ta buɗe taga, sai ta ciro ƙyalle ta share wata kujerar katako da ke gefen allon, wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Ba ta taɓa zama a kanta ba. Haka ta yi ta yi tun iyayen ɗaliban yau suna sanye da gajeren wando, har zuwa ƙarshen zangon da ya wuce, lokacin da ta ajiye alli ta yi ritaya. Wannan baiwar Allah muke so mu jinjina wa tun tana raye, kamar yadda magabata suka saba yaba wa mutum a gaban idonsa.

Malamar tarihi da adabi ce, ɗalibai kuma suka laƙaba mata Malama Dakata, domin kalmar ba ta barin bakinta. Doka ɗaya ce a ajinta: ba a yanke wa kowa hukunci, ko a littafi yake, ko ya daɗe da zama ƙasa, sai wani ya hau kujerar nan ya yi magana a madadinsa. Wanda kuwa ya fi kowa zafin suka, shi ne zai hau.

Wani tsohon ɗalibinta, bakanike a yanzu, wanda har gobe abokansa ke kira Gardama, ya ba mu labarin ranar da ta kama shi. Sun karanta tarihin wani sarki da ya buɗe wa maƙiya ƙofar birninsa, shi kuma ya miƙe ya ce matsoraci ne, maci amana.

"Sai ta ce, 'Dakata. Tunda bakinka ya fi na kowa kaifi, zo ka zauna. Yanzu kai ne sarkin. Rijiyoyi sun ƙafe, yara na mutuwa a bayan uwayensu. Muna saurarenka, ranka ya daɗe.' Wallahi na zauna ina zufa, 'yan aji na dariya. Kafin in tashi, ni da bakina na buɗe ƙofar nan."

Ya ce har yau, idan aka kawo masa mota ana zagin wanda ya gyara ta a baya, ba ya taya zagin sai ya leƙa injin ya ga abin da mutumin ya tarar. Wata tsohuwar ɗalibarta, ma'aikaciyar jinya, ita ma ta shaida mana cewa duk ranar da tsoho ya ture mata magani ya bi ta da baƙar magana, kujerar take tunawa, sai ta haƙura.

Ke ce, Malama, lauyar waɗanda ƙasa ta rufe wa baki. Ke ce kika ɗauko mutanen da suka rayu a wasu ƙarnuka da wasu harsuna, kika zaunar da su a gaban 'ya'yanmu har suka ji su kamar dangi. Mu da muka ga zamanin da ake fara gina mutum kafin a damƙa masa sana'a, mun san darajar abin da kika riƙe, kuma muna jin kewarsa tun bai gama tafiya ba.

Da ritayarta ta matso, sai makaranta ta sami kyautar kwamfutoci. Shugaban makarantar, matashi ne da bai daɗe da kama aiki ba, ya kawo shawarar a ba su ajin Malama, a kuma cire darasinta daga jadawali, tunda babu mai gadonta. Irin wannan shawara ba sabuwa ba ce. An kawo ta a zamanin shugaban farko, dattawan lokacin suka ƙi. An sake kawo ta a zamanin wanda ya gaje shi, aka sake ƙi. Saboda haka, da aka kira taron iyaye da malamai a cikin ajin nata, wata rana bayan an tashi daga karatu, tsofaffin ɗalibanta suka cika shi har bakin taga, suna da yaƙinin cewa abin da aka yi a da shi za a maimaita.

Shugaban bai kai ƙarshen jawabinsa ba aka rufe shi da hayaniya. Gardama ne a gaba.

"Malam, yaushe ka zo? Wannan ajin ya girme ka! Kwamfutar ce za ta koya wa 'ya'yanmu kunya?"

Aka yi ta tafi. Matashin ya tsaya riƙe da gefen tebur, bakinsa na motsi, babu mai jin abin da yake faɗa. Malama tana zaune a bencin baya, tana kallon kabad ɗinta. Ta san cewa idan ta yi shiru, ɗakin ya tsira, domin rinjaye na wajenta. Ta daɗe tana roƙon Allah ya bar mata wannan ɗaki a raye bayan tafiyarta. Amma ga mutum a tsaye a cikin ajinta ana yanke masa hukunci, ba wanda ya saurare shi, ita kuma ta san cewa a zuciyarta babu wanda ya kai ta zafin sukarsa.

Ta tashi a hankali, ta ce, "Dakata." Ba ta ɗaga murya ba, amma manyan mutane masu furfura suka yi tsit kamar 'yan aji ɗaya. Ta jawo kujerar zuwa tsakiyar ɗaki, ta zauna a kanta a karo na farko.

"Ni ne shugaban makaranta," in ji ta. "Iyaye suna zuwa ofishina kullum. Babu wanda ya taɓa tambayata ko ɗansa ya san abin da ke rushe daula. Tambayarsu ita ce ko zai sami abin yi. Na ga yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a nan tana yawo ofis-ofis, ana sallamarta don ba ta taɓa kunna kwamfuta ba. Na nemi wanda zai gaji Malama, har cikin ku da kuke ɗaga murya, kowa ya ce yana da uzuri. Ɗaki ɗaya ne gare ni mai ƙofar ƙarfe da rufin da ba ya yoyo. To ku faɗa mini, da ku ne ni, me za ku yi?"

Ta kare shi fiye da yadda zai iya kare kansa. Da aka zo ɗaga hannu, ɗakin ya tafi ga kwamfutoci.

A baranda Gardama ya tare ta, idonsa ya yi ja. "Haba Mama! Mun rufe gareji mun zo ƙwato miki ɗaki, ke kuma kin ɗauka kin miƙa masa da hannunki?"

"To me kake so in yi, ɗana? In karya doka ranar da ta biyo ta kaina?" Ta gyara jakarta. "Kai dai har yanzu ba a gyara maka burki ba."

Washegari shugaban ya same ta tana zuba littattafai a kwali. Ya ce mata ba zai cire darasin daga jadawali ba. Za a riƙa yin sa a zauren taro, muddin aka sami mai koyarwa kafin a buɗe sabon zango. Idan ba a samu ba, ba shi da yadda zai yi. Sannan ya roƙe ta ta bar masa kujerar.

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuwa da kuka hau kujerar nan kuka sauko da wata zuciyar daban, yabo a baki ba zai shiga aji ya ɗauki alli ba. Mutum ɗaya ake nema daga cikinku, hutu kuma ya kusa ƙarewa.

Kujerar tana nan a bakin ofishin shugaba. Malama ba ta da sauran aiki a makarantar, amma ƙafarta ta ƙi manta hanya. Kowace safiya tana zuwa da ƙyallenta ta share ta, sannan ta tsaya wajen maigadi ta ji ko an sami mai koyarwar.

"An zo?"

"Ba a zo ba tukuna, Malama."

"To, a dakata," in ji ta. Sai ta ɗan tsaya tana duban titi kafin ta kama hanyar gida.