Jan Gicciye a Bayan Malam

Shin yaron nan ya san abin da zai yi da hoton kakansa tun kafin ya ce masa ya ɗaga buhun? Na tambaye shi, na tambayi kaina, har yau ban samu amsa ba. Amma abin ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Jikana ne, ɗan babban ɗana, a hannuna ya tashi nan Wagini. Aka kai shi kwaleji a Katsina yana koyon shirya fim. Wata kaka, bayan an gama sussukar gero, ya zo da wani abokinsa mai ƙirar ƙarfi, wanda shi kuma motsa jiki yake karanta don ya riƙa koya wa mutane. Suka ce malamansu sun haɗa su aiki ɗaya, sai sun kai fim za a ba su maki.

Malam, mijina, ya tsufa a lokacin, amma bai taɓa yarda ba. Tsakaninsa da yaron kuwa wasan kaka da jika ne kullum.

"Tsoho, buhun nan ya fi ƙarfinka," in ji yaron. "Ka sakar mini matar kawai, ni zan riƙa ɗauko mata gero."

"Kai da ko tulu ka ɗauka sai ka huta a hanya? Kunna abin ɗaukar hoton naka ka gani."

Sai da ya sa na miƙo masa hularsa ta Juma'a. Ya sunkuya, ya rungumi buhun, ya saɓa, ya kai shi har ƙofar zaure. Suka ce ya sake, ya sake. Ina bakin madafa ina jin numfashinsa, amma fuskarsa fal murna. Daga nan suka zaunar da shi gindin bedi, wato dogonyaro, yana ba su labarin yadda yake lodin jakuna zuwa kasuwar Batsari yana saurayi, yana dariya har da hawaye. Babu wanda bai gaya wa ba a majalisa cewa jikansa ya sa shi a fim.

Kafin damina ta faɗi ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan na fita takaba na je suna garin Zakka, gidan 'yar ƙanwata. 'Yan mata sun taru kan waya suna ƙyalƙyata dariya. Ɗaya ta matso ta ce, "Kaka, zo ki ga wani tsoho." Ba ta san ni ba.

Malam ne, da hularsa. Sun rage masa sauri yana sunkuyawa a hankali kamar mai neman allura. Sai aka tsayar da shi a duƙe, aka dangwala masa jan gicciye a gadon baya, irin wanda ake yi wa bangon da za a rushe. Ban iya karatu ba, amma na san muryar jikana. Cewa yake, "Wannan shi ne kuskure, kada ku yi haka." Sai ga abokin nan nasa cikin gajeren wando, ya tsuguna ya ɗaga buhun, aka yi masa koriyar alama. Buhunmu ne, a tsakar gidanmu.

Ban ci abincin sunan ba. Na hau mashin na dawo, na aika aka kira jikan nawa.

"Kaka, darasi ne," ya ce. "Don kada mutane su riƙa jin ciwon baya. Malamai ma sun yaba."

"Ka gaya masa shi ne zai zama kuskuren?"

"Ai kin san wasa muke yi da shi."

Na ce wasan jika da kaka a tsakar gida ake yinsa, inda tsohon zai iya ramawa. Wanda ke cikin kabari da wane baki zai rama? Idan koya wa mutane za ku yi, ina naku bayan? Ya sunkuyar da kai. Na ce to, ba ni hoton inda kakanka yake zaune gindin bedi yana dariya, wannan nake so. Ya ce sun goge, wai wuri ya cika a na'urarsu.

Na yafe masa, don jinina ne, amma ban huce ba. Duk ilimin da bai koya wa yaro neman izinin mutum kafin ya nuna shi ga duniya ba, da sauransa.

Abin da ya fi cin raina shi ne wannan hoton kaɗai ya rage mini. Nakan sa wata jikanyata ta kunna, ta kashe muryar, in ɗora babban yatsana a kan jan gicciyen, in kalli mijina yana saɓa buhu.

Ranar da Malam zai cika, ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, "Idan yaron nan ya kawo fim ɗin, ki tara mini jikoki duka. Su ga kakansu bai gaza ba."