Ranar da Wayar Maman Godwin Ta Yi Shiru

Sunanta Rifkatu Elisha, amma in ka shiga Gyaɗi-Gyaɗi kana cigiyar Rifkatu, ba wanda zai nuna maka gida. Maman Godwin aka sani. 'Yar Kagoro ce, ta zo Kano tana amarya. Mijinta malamin firamare ne, ita kuma ta samu aiki a wani ofishin jin daɗin jama'a. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Tare muka yi goyo, tare muka tsufa. Mijina ya rasu, nata ya bi baya.

Ba babbar ma'aikaciya ba ce. Teburin bakin ƙofa aka ba ta, duk wanda ya shigo ita zai fara tararwa. Aikinta ta saurari abin da ya kawo mutum, ta faɗa masa inda zai je. A haka ta san ranar da ake ganin masu sikila, da wanda ake samu in an tsinci jariri, da inda ake kai yaron da ƙwaya ta taɓa wa kai, da takardun da gwauruwa za ta riƙe in za ta bi haƙƙin mijinta.

Da ta yi ritaya sai ofishin ya biyo ta gida. Lambarta ta shiga hannun mai kemis na bakin titi, da ungozomomi, da matan Islamiyya, da zumuntar mata ta cocinsu. Ƙasimu mai adaidaita sahu, wanda ta taɓa nuna wa inda zai kai mahaifiyarsa aikin ido, ya sa aka rubuta lambar a bayan kekensa. Daga nan ta kai Tarauni, Unguwar Gano, har Hotoro. Yawanci ba mai matsalar ke kira da kansa ba. Waɗannan mutanen ne ke kira masa, ko su ce masa ga lamba.

Kuma ba kira suke yi ba, fulashin suke yi. Wayar ta yi ƙara ɗaya a katse, ita ta bi da katinta. Ta kan katanga nake jin ta.

"Wa ya neme ni? To. Tun yaushe ƙafar ta kumbura? Kada ki kai shi wurin wanzami. Ki yi sammako gobe, ki riƙe katinsa, ki shiga ta ƙofar baya. Ki tambayi sista mai tabarau. In ta yi miki tsawa ki shanye, haka take da kowa."

Ba ta ba kowa sisi, ba ta rarrashi. In mace ta fara kuka sai ta ce, "Ki gama tukuna, katina ne ke tafiya." Lokaci zuwa lokaci takan hau mota ta zagaya ofisoshi da asibitoci, ta ga wa aka canja wa wuri, wa ya mutu, wace ƙofa aka rufe. Ta ce aikin nan da ƙafa ake yin sa, baki isarwa kawai yake yi.

Sai ciwon suga ya sauko mata a ido. Ta fara kai wayar har kan hanci kafin ta ga lamba. Ɗanta Godwin, da ke aiki a Jos, ya ce in Kirsimeti ta zo, zai koma da ita can. Ba ta musa ba. Abu ɗaya ta ce tana so kafin lokacin: gwamnatin jiha ta karɓi layin wayar, ta mai da shi na kira kyauta, ta ɗauki mutum biyu a albashi, ita kuma ta koya musu abin da ta sani tun tana ganin hanya. In ba haka ba, ranar da ta bar Kano layin ya mutu.

Ni na rubuta mata takardar neman tallafin, don na yi sakandare kuma hannuna bai fara rawa ba. Ni kuma nake riƙe mata hannu a matakalar ma'aikatar. Mun je har masinjan ya san mu.

"Hajiya Hajara da ƙawarta. Yau ma Darakta kuka zo gani?"

"A'a, kai muka zo gani," in ji Rifkatu. "Kyanka ya hana mu barci."

Ya yi dariya ya ce Darakta yana taro. Wani zuwan ya tafi Abuja. Wani zuwan fayil ya hau sama. Wani zuwan fayil ya sauko, amma wanda ya sauko wurinsa yana hutu. Ba wanda ya wulaƙanta mu. Ana ba mu benci, wata rana har da ruwa. Mukan zauna har azahar, wayarta na ƙara a cikin jaka, ta fita baranda ta bi kira, ta dawo.

Daga ƙarshe aka haɗa mu da wani jami'i, Malam Inuwa, mutum mai sanyin magana. Ya ce takardarmu ta shiga cikin waɗanda ake dubawa don kasafin baɗi, amma ba a sa abu a kasafi sai an gani da ido. Ranar Laraba za su zo su zauna da ita, su ga yadda ake neman layin.

Labari ya isa kunnen Uwani. Uwani ce uwar adashin lungunmu, mai sayar da abinci, kuma ba a yin suna ko biki a unguwar ba da hannunta ba. Rifkatu ce ta taɓa nuna mata hanya lokacin da ɗanta ya shiga shaye-shaye, don haka ta ɗauki zuwan baƙin kamar bikin gidansu. Ta aro kujerun roba, ta dafa zoɓo, ta sa aka share lungu har bakin kwata. Wannan duk mun gani. Abin da ba mu gani ba shi ne yawon da ta yi ranar Talata. Ta je wurin mai kemis, ta je Islamiyya, ta samu shugabar zumuntar mata, ta tare Ƙasimu a tashar 'yan adaidaita ta Tarauni. Saƙon ɗaya ne: gobe manya za su zo wurin Maman Godwin, kada wanda ya kira ya katse mata magana a gaban baƙi. Duk mai matsala ya yi haƙuri har su tafi. Kowa ya ce wannan gaskiya ne, ya kuma isar wa na gaba.

Sun zo da hantsi, Malam Inuwa da wata mata mai rubutu da wani abokin aikinsu. Rifkatu ta sa atamfarta ta zumunta, ta ɗora wayar a kan tebur, cike da caji da kati. Aka gaisa, aka sha zoɓo. Ta ba su labarin aikin. Matar ta rubuta.

"Mama, a yini kamar mutum nawa ke kira?" in ji Malam Inuwa.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ƙirgawa ba. Yanzu za ka ji da kunnenka."

Aka jira. Ni da na saba jin ƙarar nan tun kafin in ɗora ruwan koko, na zauna ina kallon wayar kamar an aiko mana wata daban. Rifkatu ta ɗauka ta kai hanci, ta ce in duba mata ko sabis ne. Sabis a cike. Ta ajiye. Uwani tana tsaye a bakin ƙofa da jug a hannu, fuskarta fal murna.

Can wayar ta yi ƙara. Rifkatu ta sa ta a sifika don baƙi su ji.

"Mama, sun zo?" Godwin ne.

"Sun zo."

"To ki gaishe su. Kin sha maganinki?"

Matar ta daina rubutu. Malam Inuwa ya nemi izini ya duba wayar. Ya daɗe yana latsawa, sannan ya ce, "Mama, ai na ga kamar ke ce kike kiran mutane." Ta ce fulashin suke yi, ita take bi. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Wataƙila ya gane ɗin. Da aka kira azahar suka yi godiya suka tashi.

Motarsu ba ta gama fita daga lungu ba Uwani ta ɗaga tata wayar ta ce wa mai kemis, "Sun tafi." Kafin mu kwashe kofuna wayar Rifkatu ta fara. Ƙara ɗaya a katse, ƙara ɗaya a katse, wani na hawa kan wani. Na farkon da ta bi wani magini ne a Unguwar Gano. Tsohuwarsa mai ruɗewa ta fita tun asuba ba a gan ta ba.

"Tun asuba? Me ya hana ka nemo ni?"

"Mama, an ce kina da baƙi."

"Wa ya ce?"

Uwani ta amsa da kanta daga bakin ƙofa. "Ni ce, Mama. Kin ga ko mutum ɗaya bai dame ku ba."

Rifkatu ta juya inda muryar ta fito. Sannan ta koma kan wayar ta faɗa wa maginin ya fara da gidan mai unguwa, ya riƙe hoton tsohuwar, daga nan ga inda zai je. Ta bi na biyu, ta bi na uku. Har magariba tana kan kujerar nan da atamfar zumunta. An samu tsohuwar da yamma a wajen Hotoro.

Ni na yi wa Uwani bayani, kuma ban tausasa ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Rifkatu ta ce, "Tashi. Kara kika yi. Da a gidanki ne, ni ma abin da zan yi ke nan." Ta ce ta mayar wa mutane kujerunsu kafin dare.

Mun koma ma'aikatar da Uwani, ta faɗa wa Malam Inuwa komai da bakinta. Ya saurara har ƙarshe, ya yi salati. Ya ce rahoto ya riga ya wuce, kuma abin da suka gani suka rubuta, ba a ga alamar buƙata ba. Ya ce mu sake nema in an buɗe na wata shekarar, shi da kansa zai zo ba tare da sanarwa ba. Na yarda da gaske yake. Rifkatu ta yi masa godiya. A matakala ta ce mini takalminta ya fara matse ta, ƙafar ta kumbura. Ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Godwin ya zo da mota ana saura kwanaki Kirsimeti. Da aka gama loda kaya ta miƙo mini wayar da cajarta.

"Me zan yi da ita?"

"Abin da kika ga dama, Hajiya. Ni ba na ganin lamba. Kuma daga Jos ba zan san wa aka canja ba, sai in tura mutum ƙofar da aka rufe."

Wayar tana kan durowata. In ina da kati nakan bi. Na san maganar sikila, na san ta takardar mutuwa, don waɗannan na ji su ta kan katanga har na haddace. Sauran nakan ce ban sani ba, mutum ya yi godiya ya kashe. Sista mai tabarau ma an ce ta yi ritaya. Fulashin ɗin ya ragu sosai. Uwani takan sa mini kati wani lokaci.

Rifkatu tana raye. Mukan gaisa ta wayar Godwin ranar Lahadi in ta dawo daga coci. Takan tambayi farashin gero da lafiyar gwiwata. Ba ta tambayar wayar.

Kwanan baya Ƙasimu ya tsaya a ƙofar gidana. Ya sake wa kekensa fenti, bayansa fes, babu rubutu.

"Inna, mai rubutu yana jira. A mayar da lambar?"

Na ce ya bar shi haka.