Shaidar Haya a Rumfar Zaɓen Talladje

Ba zan faɗi sunana ba, domin ƴaƴana sun girma suna zaman lafiya da mutane a garin nan, kuma ba su da hannu a abin da na aikata. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye na yankin Dogondutsi. Har na fara gemu ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ba ni da ilimin boko, ba ni da sana'a sai fartanya, amma Allah ya ba ni fuskar da mutane ke yarda da ita, da murya mai sanyi irin ta dattawa.

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, sai na bi ayarin masu gudun yunwa na shigo Yamai. Na samu aikin dako a kasuwar Katako, ina ɗaukar itacen rufi da buhunan siminti. Na kama ɗan ɗaki a wani gidan haya a Talladje. Maƙwabcina a gidan wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Kirista mutumin Maraɗi, ana ce masa Mushe Ishaya kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, matarsa Madam Rahila kuma tana aikin jinya. Mutanen kirki ne. In sun yi tuwo sai an miƙo mini, da na kwanta zazzaɓi Madam ce ta yi mini allura. Amma ni a zuciyata cewa nake yi, me suke nema a wurina? Lokacin mulkin soja ne, kowa na zargin kowa. In mutum ya cika tambayar lafiyarka sai ka ɗauka ɗan rahoto ne. Ko a wurin mai shayi, da baƙo ya zauna sai hira ta koma kan zafin rana.

Matakin farko da na taka ƙarami ne ƙwarai. Ana rabon dawar agaji, jar nan da ake kawowa daga waje, kuma duk wanda ba shi da takarda sai ya zo da mutumin da zai ce ya san shi mai iyali ne. Wani tela a unguwarmu, Garba, ya jawo ni gefe ya nuna mini wani mutum da ban taɓa gani ba.

"Kai dai ka ce ka san shi, shina da mata da ɗiya," in ji Garba. "Mi za ya rage ka? Baki ne kawai."

Na faɗa. Mai rabo ko ɗago kai bai yi ba. Da yamma aka kawo mini tiya guda ta dawa, abin da sai na yini ƙarƙashin buhu kafin in same shi. Ranar na gane cewa kalmomi uku, "na san shi", sun fi kafaɗata kawo abinci.

Daga nan na bar dako. Na sayi babbar riga ta gwanjo da carbi mai manyan ƴaƴa, na koma zaman bakin kotu da kasuwar dabbobi. Mai son takardar haihuwa ga yaron da ba nasa ba, ni ne na halarci sunan. Mai sayar da ragon sata, ni na san uwar ragon. Mai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, a gabana kakansa ya share wurin. Sana'ar tana da dabararta. Ba a gaggawar amsawa. Sai ka dubi mutumin ka yi ɗan murmushi, ka ambaci sunan ubansa, ka tambaye shi ciwon ƙafar tsohuwarsa, sannan ka ce ka san shi kamar kana mamakin an ma tambaye ka. Da Mushe Ishaya ya ga na canza tufafi, sai na ce masa dillanci nake yi. Ya yi murna, har ya ce Allah ya sa albarka.

Ana nan sai sojoji suka ce za a yi zaɓe. Jam'iyyu suka ɓullo ta ko'ina, kowace da launinta da makaɗanta. Ku da kuka tashi kuka tarar da zaɓe ba za ku gane yadda abin ya zo mana ba. Mutane ba su yarda da shi ba. Wasu na cewa tarko ne, so ake a gane masu ƙin gwamnati. Wasu na cewa akwai madubi a bayan labulen da ake shiga. Don haka kowa ya zama na kowa. Duk mitin ɗin da aka yi, fuskoki ɗaya za ka gani suna tafi. Mata su karɓi zanen wannan jam'iyya da safe, su karɓi sabulun waccan da la'asar. Ni kaina ina da rigunan jam'iyyu har kala uku a ƙarƙashin tabarma, ina duba motar da ta shigo unguwa kafin in zaɓi wadda zan sa.

Garba ne ya kai ni wurin wani Alhaji mai motocin sufuri, wanda ke yi wa wani ɗan takara aiki a yankinmu. Mutum ne da ba ya duban idonka in yana magana, sai dai hannunka.

"Mutanen ga sun sha sukarina, sun ɗaura zanena," in ji shi, "amma in sunka shiga bayan labule, Allah kaɗai ya san abin da suka sakawa cikin anbulop ɗin ƙuri'a. Ni ƙuri'ar da na riƙa da hannuna nika so."

Sai ya bayyana mana shirin. Akwai katunan zaɓe da yawa da masu su ba su zo karɓa ba, wasu sun koma ƙauye, wasu sun tafi ci-rani, kuma katunan sun faɗo hannunsa ta hanyar da ban tambaya ba. A lokacin, wanda ya zo da katin zaɓe amma ba shi da katin dantite, wato na shaidar ɗan ƙasa mai hoto, ana barinsa ya jefa ƙuri'a in mutum biyu na rumfar zaɓensa sun shaida shi ne mai sunan. An yi dokar ne don talakawan da ba su da takardu. Alhaji zai kwaso ƴan dako daga Katako da wasu samari daga Kirkisoye, ƙetaren kogi, a ba kowa kati da suna. Ni da Garba mu ne shaidu.

Na tambaye shi wace rumfa. Alhaji ya ce ta lakwal ɗin unguwarmu, inda aka naɗa Mushe Ishaya shugaban rumfa.

"An ce mini gida guda kuke, kuma ya yarda da kai," in ji shi. "Shi ya sa na neme ka, ba don kyawun rigarka ba."

Wallahi na ji abin a raina. Amma maimakon in tuna tuwon da na ci, sai na shiga lissafin zargi. Na ce ai shi ma Mushe wa ya san wanda yake yi wa aiki? Waye ake ba shugabancin rumfa haka kawai? Haka mai mugun nufi yake, sai ya shafa wa kowa baƙin da ke jikinsa don ya samu ya yi barci.

Ranar zaɓe layi biyu aka yi a filin lakwal, na maza da na mata, jandarmomi na zaune a inuwar bishiyar bedi. Tsarin shi ne, in mutum ya miƙa kati, sai a kira sunan da ƙarfi don wakilan jam'iyyu su ji. Mutanenmu suka fara shigowa jefi-jefi. A kira suna, Mushe ya tambayi shaidu, ni da Garba mu matso. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, har na daina ƙirgawa. Wakilin wata jam'iyya ya fara harararmu, ya ce wai mu mun san duk Talladje ne? Mushe ya ce masa, "Wanga maƙwabcina ne, dillali ne, sanin mutane shi ne aikinshi." Da bakinsa ya kare ni.

Wajen azahar wani saurayi daga cikin ƴan Kirkisoye ya miƙa kati, aka kira, "Hamani Sumana!" Mushe ya dubi katin, ya dubi yaron, ya kira ni da hannu.

"Ƙanena, katin ga ya nuna mai shi ya girme ni. Ka tabbata ka san shi?"

Na yi murmushin nan nawa. Na ce, "Haba Mushe, kai ma ka san takardun mutanen ƙauye, shekarun ƙiyasi aka rubutawa. Hamani ne, tare munka yi dako a Katako. Na san shi."

Mushe ya gyaɗa kai ya miƙa masa anbulop. A daidai lokacin wata mata ta fito daga layin mata, Bazabarma ce mai sayar da kwaɗon ganyen da suke kira kopto a bakin titi.

"Wa kunka kira? Hamani Sumana mijina ne! Ni na yi mishi takaba, shekara ba ta cika ba!"

Wuri ya yamutse. Yaron ya yar da anbulop ya haura katanga. Na waiga, Garba ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Matar ba ta bi yaron ba, ni ta tsaya tana kallo, tana cewa, "Kai ka san shi? Ina kake ranar da munka kai shi kushewa?" Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan tambaya ba. Mushe kuwa ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya zauna.

Jandarmomi suka tafi da ni, suka tafi da Mushe. A wurinsu maganar a fili take: shugaban rumfa da shaidan ƙarya gida ɗaya, har ya kare shi a gaban jama'a, to bakinsu ɗaya. Na ambaci Alhaji, aka kira shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba.

Da aka kai mu gaban alƙali, na yi niyyar yin abu ɗaya na gaskiya a rayuwata. Na ce a yi mini duk hukuncin da za a yi, amma Mushe bai san komai ba, yaudararsa na yi. Na rantse, na sake rantsewa, har da kuka. Tafinta ya fassara maganata. Alƙali ya dube ni ya yi magana, tafinta ya ce, "An ce kai ne aka gani kullum bakin ƙofar ga da carbi. Ka rantse ka yi dako da matacce, yanzu kuma wace rantsuwa kaka so a karɓa?" Mutane suka yi dariya. Ranar da na fi bukatar a yarda da ni, ranar na tarar na sayar da abin tuni, ba saura. Aka ɗaure ni shekaru. Mushe ya yi watanni a tsare kafin a sake shi don rashin hujja, amma aka raba shi da aikin koyarwa.

Gidan kaso wuri ne da mutum ke barci da takalminsa a ƙarƙashin kai. Babu wanda ya zo duba ni, ba Garba ba Alhaji. Sai wata Lahadi aka ce an kawo mini tuwo, mai kawowar ba ta faɗi suna ba. Na ce guba ce, Alhaji ke son rufe bakina. Na ba wani ɗan kaso ya ci, na zauna ina jiran in ga ko zai faɗi. Ku duba irin mutumin da na zama. Sai da aka yi ta kawowa, sannan wani gandiroba ya ce mini ai matar nan ma'aikaciyar jinya ce, yana ganinta a asibiti. Na ajiye kwanon na juya fuskata ga bango. Daga ranar na fara sallah ta gaskiya, ba ta nuna wa mutane carbi ba.

Da aka sake ni, na nemi Mushe. Sun bar Talladje saboda nunin yatsa, sun koma Kirkisoye. Na tarar da shi a wata ƴar rumfa yana sayar da kananzir da ashana, mutumin da yara ke tashi tsaye in ya shigo aji. Na durƙusa na nemi gafara. Na ce zan je duk ofishin da ya ce, in faɗa musu ba shi da laifi.

"Tashi, ƙanena," in ji shi. "Wa za ya saurare ka? Na yahe maka tun kana ciki, ni na ce Rahila ta kai maka abinci. Aikin ma na haƙura da shi. Abin da ban samu na maido ba guda ne. Da, in mutum ya yi mini magana, yarda nika fara yi. Yanzu ko ɗiyata ta ce mini ta ci abinci, sai na tashi na duba tukunya."

Na koma dako da furfurata, kuma da shi na ciyar da iyalina har ƙarfina ya ƙare.

Samari, zaɓe zai yi ta zuwa, kuma masu irin motocin Alhaji ba za su ƙare ba. Ba za su ce ku yi sata ba. Za su ce ku riƙe wannan katin, ku tsaya a wancan layi, ku ce kun san wane, baki ne kawai. Kuma ba don ƙarfinku za su neme ku ba, sai don akwai wani mutumin kirki da ya yarda da ku, shi suke son bi ta kansa. Kafin ku amsa, ku tuna fuskar wannan mutum, domin shi zai biya, ba mai motar ba. Ni na yi zaman kasona na fito. Mushe Ishaya har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake riƙe alli ba.