Hannun Ɗalha Maɗori

A shekarun baya, duk wanda ya karye tsakanin Kankia da Kusada, in dai yana son ƙafarsa, Sukuntuni ake kai shi wurin Ɗalha maɗori. Gajere ne mai bakin tsiya, yana jan ƙafar ƙato yana tsokanarsa har a gama ɗori. Mutane sun ɗauka ƙashin 'yan gidansu ba ya karyewa, shi ma bai taɓa musawa ba.

Sai ciwon ciki ya kayar da shi. A wani asibiti a Kano aka yanke masa hanji, abin da ya rage ko kunu ba ya riƙewa. Abincinsa ya koma farin ruwa a leda, a rataye a ƙusa yana shiga ta jijiya, ma'aikacin lafiya na zuwa daga Kankia yana sauyawa. Likita ya ja kunnensu cewa wanda ya daɗe a haka ƙashinsa yakan yi rauni. A riƙa fitar da shi hantsi, ya ɗan taka, a dawo da shi gwaji.

Ba a yi ko ɗaya ba. Da Abdullatif, babban ɗansa da ya gaji zauren ɗori, ya ga tsohon ya fara rankwafewa, tari kaɗai ya tsaga masa haƙarƙari, sai ya sa shi a ɗakin da ke jikin zauren ya saki asabari.

"Kai, hitar da ni in sha hantsi," in ji Ɗalha. Abin da yake roƙo ke nan kullum.

"Baba, in aka gan ka haka, wa za ya sake kawo mana karaya? Ka yi haƙuri."

Amma masu karaya sun ƙi yarda da ɗorin da hannun tsoho bai taɓa ba. Sai Abdullatif ya samo dabara: Ɗalha ya miƙo hannu ta gefen asabari ya shafa karan ɗori, a ce yana halwa. Abin haushi, Ɗalha har ɗokin hakan yake yi, don rana na shigowa zauren da safe, takan ɗan taɓa masa yatsu.

Wata safiya wani makiyayi, Manu, ya zo godiya, ƙafar ɗansa ta warke. Da hannun ya fito, sai ya cafke shi da hannu biyu ya girgiza da iyakar ƙarfinsa yana sa albarka. Ɗalha ya ji ƙas a wuyan hannunsa. Ya san wannan ƙarar fiye da kowa. Ya ciji gefen zane, bai yi ihu ba, don ya san abin da ihun zai jawo masa.

"Mi ya yi ƙara haka?" in ji Manu.

"Karan ɗori na taka," Abdullatif ya faɗa yana dariya, ya raka shi har waje.

Shirun bai cece shi ba. A ranar aka ɗaure hannun, aka cire ƙusar ledarsa, aka mayar da shi da ledar ƙuryar ɗakin da ake ajiye hatsi, inda babu ko taga.

Har yanzu ana zuwa Sukuntuni ɗori, hannu kuma yana fitowa ta gefen asabari. Na Dawuda ne, ƙanin Ɗalha, kuma babu wanda ya taɓa lura.