Injin Diko Lafiya Lau

Aikina na farko bayan na gama makaranta a wani kamfanin rarraba taki da iri na yi shi, a nan Suleja, cikin shekarun ƙarshe na mulkin soja. Muna da rassa a Diko da Garam da Abuja, kowanne da babbar kwamfutarsa mai riƙe da bayanan kaya, wadda mu dai inji muke ce mata. Kullum da safe sai na ɗauki tarho na bi rassan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ya inji. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: lafiya lau, alhamdulillahi. Ranar da na Garam ya ƙone ma, da safen lafiya lau aka ce min. Haushi ya kusa kashe ni.

Shi ya sa na nace wa manaja har ya yarda na haɗa wani tsari da kowane inji zai riƙa aiko da rahoton kansa ta layin waya, ya faɗi zafin jikinsa da halin da ma'ajiyarsa ke ciki. A allona kowane reshe yana da akwati, kore in ƙalau yake, ja in akwai matsala. Manaja ya ce ranar Alhamis zai zo ya gani da idonsa. Ya ƙara da cewa daga yau duk wanda ya ɓoye matsalar inji ya kori kansa.

Ranar Laraba bayan azahar na gwada. Duk suka yi kore, ban da Diko.

Mai kula da injin Diko aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa, kuma shi ya kai ni gaban manaja aka ɗauke ni aiki. Na buga masa waya.

"Baba, ya inji?"

"Lafiya lau, 'yata. Ya mutanen gida?"

Na kife tarhon, na ja mayafina na nufi tasha. Bas ɗin ya ƙi cika, kwandasta sai ihu yake, ni kuwa ji nake kamar na sauka na tura motar.

Da na isa, na tarar da ƙofar ɗakin inji a wangame. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da mutuwa. Baba ya kawo fankar ɗakinsa daga gida ya saita ta a bayan injin, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Na taɓa murfin, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Haba Baba, wannan ne lafiya lau?"

"Ai yana aiki," ya ce. "Mutum ba ya buɗe baki da safe da mugun labari. Kuma in na faɗa, cewa za a yi tsufa ya sa na lalata musu kaya."

Na yi faɗa, na yi magiya. Na ce gobe allo zai faɗa ko bai faɗa ba, kuma ba zan iya cire Diko ba, domin in injin nan ya tafi, bayanan takin damina gaba ɗaya sun tafi. Abin da ya rage kawai shi ne ya riga allon magana. Na ce ya kira manaja da sassafe, ya ce na'urar sanyi ta mutu. Wanda ya kawo rahoto da kansa ba za a ce ya ɓoye ba.

"To, 'yata, na ji," ya ce, ya saya min gyaɗa na riƙe a mota.

Washegari ko karin kumallo ban iya ba. Duk lokacin da tarhon ofishin manaja ya yi ƙara sai na miƙe. Na tambayi sakatare ko Diko sun kira, ya girgiza kai. Na buga can da kaina, layi a cike.

Manaja ya shigo da manyan ma'aikata suka tsaya a bayana. Na kai hannu zan kunna allo, ya ce na dakata, yana so ya gwada tsohuwar hanya da sabuwa. Ya ɗauki tarhona ya buga Diko, wannan karon kuma ya shiga. Suka gaisa. A raina ina cewa faɗa mana, Baba, don Allah faɗa.

"Ya inji?" in ji manaja.

Ɗakin ya yi tsit, har daga kujerata na ji amsar.

"Lafiya lau, Yallaɓai."

"Bismillah, Malama," manaja ya ce da ni. Na kunna.

An gyara na'urar sanyin cikin makon, injin ya tsira, aka yi ta yaba min. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Baba kuwa ƙarshen watan aka sallame shi.

Sai da na yi makonni kafin na iya zuwa gidansa. Na same shi a zaure ya rame, fankar nan tana juyawa a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ya gida, ya ƙarfin jiki.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce. "Ya inji?"